Yadda zaka rage ƙarfin leza da gilashin da aka karkata, ba tare da ka taɓa wutar injin ba

Duk wanda yake aiki da leza, ko a ɗakin gwaji ne ko a wurin yanka da zane, wata rana sai ya buƙaci ƙarfin da bai kai wanda injin yake bayarwa ba. Abu na farko da yake zuwa ma mutum a rai shine ya rage wutar da take shiga injin, kuma sau da yawa hakan yana wadatarwa. Toh amma akwai matsala, leza da yawa idan ka saukar dasu kusa da inda suke fara kamawa sai hasken ya dinga rawa, yanzu ya hau anjima ya sauka, siffar ɗigon ta canza, masu harbi a gutsure kuma tsawon harbin ma ya canza. Shi yasa masu aikin da yake son daidaito suke barin injin yayi ta aiki a inda yafi nutsuwa, sai su sa wani abu a gabansa wanda zai ɗebe abinda basa so. Wannan abun shi ake kira atenuweta, wato maragin ƙarfi, kuma ɗaya daga cikin hanyoyin da suka fi ƙarko wajen haɗa shi shine faifan gilashi zalla da aka karkata a kusurwar Brewster, wato kusurwar da wani irin haske yake ratsa gilashi babu abinda ya dawo.

Kafin ka taɓa komai, gane kaɗawar hasken

Haske yana tafiya gaba amma yana kaɗawa ne ta gefe. Ka ɗauka igiya ce aka ɗaura a jikin bishiya kana riƙe da ɗaya bakin, zaka iya kaɗa ta sama da ƙasa, zaka iya kaɗa ta hagu da dama, duk dai igiyar bata canza inda ta dosa ba. Wannan ɓangaren da hasken yake kaɗawa shine folarizeshan. Hasken rana da na ƙwan lantarki a cakuɗe suke, ko ta ina kaɗawa suke, leza da yawa kuwa layi ɗaya suke bi.

Yanzu ka tsayar da faifan gilashi a gaban hasken, ka juya shi zuwa dama ko hagu yadda hasken da ya dawo daga fuskarsa zai tafi gefe a kwance, daidai da saman tebur. A wannan zaman, hasken da yake kaɗawa a kwance ana ce masa p, wanda yake kaɗawa a tsaye kuma s. Ka lura da kyau, p da s ba na hasken bane shi kaɗai, dangantaka ce tsakaninsa da yadda faifan ya karkata. Hasken da yake p yanzu, in ka mirgina faifan digiri 90 a kewayen layin hasken ya koma s. Duk dabarar maragin nan a kan wannan maganar take.

Étienne-Louis Malus ɗan Faransa ne ya fara lura a 1808 cewa hasken da ya dawo daga fuskar gilashi yana fitowa da kaɗawa ta gefe ɗaya, sai David Brewster ɗan Sikotilan ya fitar da ƙa'idar kusurwar a 1815. Akwai kusurwa guda ɗaya da idan hasken p ya faɗo a kanta, babu abinda zai dawo, gaba ɗayansa zai shige gilashin, shi kuwa s sai an ɗebe masa wani kaso. Dalilin ma yana da daɗin ji. A daidai wannan kusurwar, hanyar da hasken ya bi cikin gilashin da hanyar da ya kamata mai dawowa ya bi suna yin digiri 90 a tsakaninsu, kaga kenan elektiron ɗin cikin gilashin da p ya girgiza suna kaɗawa ne a kan layin da mai dawowar zai bi, su kuma basa iya fitar da haske ta layin da suke kaɗawa a kai. Shikenan sai babu mai dawowa.

Mataki na farko: zaɓi gilashin da ya dace, ka lissafa kusurwar

Tsawon zangon lezarka, wato tsawon kaɗawa ɗaya ta haskenta, shi zai faɗa maka me zaka saya. Jar leza ta hiliyam da niyon nanomita 632.8 take, lezar da ake kira Nd:YAG kuma nanomita 1064, waɗannan narkakkiyar silika ko gilashin BK7 zai yi musu. Lezar CO2 irin ta injin yanka katako da roba maikuromita 10.6 take, ita gilashi na yau da kullum baya wuce mata sam, shanye ta yake ya yi zafi ya fashe, sai dai zink selenaid, wancan mai launin ruwan lemo da kake gani a lens ɗin injin yanka. Jameniyam ma yana wucewa, amma shi in ya ɗau zafi shan haskensa ƙaruwa yake, zafin ya sake ƙaruwa, haka har ya lalace, don haka ni dai bana ba mutum shawarar sa shi a babban ƙarfi.

Lissafin kusurwar layi ɗaya ne. Kowane abu yana da lambar lanƙwasa haske, n, ka ɗauko kalkuleta ka danna tan⁻¹ na wannan lambar. Silika a 1064 lambarta kusan 1.45, kusurwar ta zama digiri 55.4. BK7 a jan haske 1.515, digiri 56.6. Zink selenaid 2.4, digiri 67.4. Jameniyam 4, digiri 76. Amma dan Allah ka kula, ana auna kusurwar ne daga layin da ya tsaya cak a kan fuskar faifan, ba daga fuskar kanta ba. Digiri 67.4 yana nufin hasken yana shafar fuskar ne a digiri 22.6 kawai, a kwance sosai. Mutane da yawa a nan suke juya lissafin su zo suna cewa wai abin baya aiki.

Sannan ka nemi faifan da ba'a shafa masa komai ba. Wanda akayi ma shafen hana ƙyalli an yi shi ne don wani aikin daban, zai ɓata maka lissafi.

Mataki na biyu: faifai nawa kake buƙata

Nan ne ake gane bambancin gilashi da zink selenaid. Kason s da kowace fuska take mayarwa a kusurwar Brewster shine (n² − 1) a raba da (n² + 1), abinda ya fito a ninka shi da kansa. Gilashi mai n na 1.5 kashi 15 cikin ɗari yake mayarwa, silika wajen 13, zink selenaid kuwa kusan rabi, wajen kashi 50. Kowane faifai fuska biyu gare shi, ta shiga da ta fita. Don haka faifan gilashi ɗaya yana barin kusan kashi 73 na s ya wuce, wato bai yi wani abin kirki ba, sai ka jera goma kafin a takarda ka sauko kashi 4. Zink selenaid ɗaya kashi 25 yake bari, biyu kashi 6, huɗu kashi 0.4. Kaga dalilin da yasa wannan dabarar tafi karɓuwa a wajen masu CO2, faifai huɗu zuwa shida sun isa.

Sai dai lissafin takarda yana da ɗan ruɗi. Hasken da fuskar baya ta mayar ba ficewa yake duka ba, wani yana sake bugun fuskar gaba ta ciki ya koma ya bi sahun na asali. A faifan zink selenaid mai kaurin milimita 3 wannan ɗan rakiyar bai kai milimita 1 nesa da babban hasken ba, in faɗin haskenka milimita 5 ne kaga sun haɗe. Da shi a lissafi faifai ɗaya kashi 34 yake bari ba 25 ba, huɗu kuma su bar wajen 1.3. Leza mai wat 40 kenan mafi ƙarancin da zaka samu yana tsakanin wat 0.16 da rabin wat. A gilashi abin yafi muni, in ka manna guda goma jiki da jiki yadda duk kai-komon zai dawo hanya, maimakon kashi 4 sai ka ga sama da 20. Maganinsa ka bar tazara tsakanin faifan, ko ka sayi waɗanda gefe ɗaya ya ɗan fi ɗaya kauri don ɗan rakiyar ya kauce, sannan ka sa faranti mai ƙaramin rami a ƙarshe ya tare shi.

Girman faifai ma sai ka duba. Haske zagayayye in ya faɗi a karkace miƙewa yake ya zama kamar ƙwai, tsawonsa faɗin hasken ne a raba da cos na kusurwar. A silika ninki 1.76, a zink selenaid ninki 2.6, wato haske mai milimita 10 zai ci milimita 26 a fuskar faifan, kuma dole ka bar sarari a gefe kar bakin hasken ya taɓa mariƙin. Shi yasa zaka ga ana saida su masu tsawo ba zagayayyu ba.

Mataki na uku: tanadi inda hasken da aka kora zai je

Wannan shine wurin da nafi so mutum ya tsaya. Faifan nan baya cinye haske, karkatar dashi kawai yake. In ka saita leza mai wat 40 a kan s, fuskar farko kaɗai wat 20 zata watso gefe, kuma na CO2 ba'a ganinsa da ido. A zink selenaid mai dawowar yana barin layin asali da kusan digiri 45, a silika kusan digiri 69, sannan in kana mirgina maragin shima wannan hasken zagaye yake kamar yadda kake juyawa, yanzu yana kallon tebur anjima yana kallon fuskarka. Don haka dole faifan su zauna cikin bututu ko akwatin ƙarfe rufaffe, baƙin alminiyam mai haƙarƙarin fitar da zafi, in ƙarfin ya yi yawa a zagaya masa ruwa. Kar ka yarda da kwali ko roba ko katako, kamawa suke.

Duk lezar da ta wuce miliwat 500 aji na 4 ce, mafi haɗari. Tabarau sai wanda aka rubuta tsawon zangon lezarka a jikinsa, na jan haske ba zai kare ka daga 1064 ba, shi kuwa 1064 har ƙasan ido yake shiga ya ƙona baka ma gan shi ba, na CO2 kuma fatar saman ido yake ƙonawa. Cire agogo da zobe, kar ka sunkuya idonka ya zo daidai da tsayin hasken, kuma duk saitin da zamu yi a ƙasa da ƙaramin ƙarfi ake yinsa.

Mataki na huɗu: gano ta inda lezarka take kaɗawa

Kar ka ɗauka, gwadawa zaka yi. Sa faifai ɗaya a kusurwar da ka lissafa, ka sa mitar auna ƙarfi a kan hasken da ya dawo, sai ka dinga mirgina faifan a kewayen layin hasken kana bin mai dawowar da mitar. In lezar layi ɗaya take kaɗawa, zaka ga wuri biyu a zagaye guda da mai dawowar ya kusa ɓacewa, nan ne p, ka sa alama da alƙalami. Jan haske farin kati ma ya isa ka gani da ido. Na CO2 masu saiti sukan yi amfani da takardar da zafi yake baƙantawa, irin ta rasit ɗin POS, da ɗan gajeren harbi, amma wannan wurin hasken kawai zata nuna maka, yawan ƙarfin sai mita.

In ka zagaya duka mai dawowar bai canza ba, toh lezarka a cakuɗe take ko kuma kaɗawarta mai kewaya ce, kuma wannan maragin ba zai yi maka aiki a haka ba, duk yadda ka juya kusan rabi zai dinga baka. Bututun hiliyam da niyon akwai masu cakuɗe, akwai kuma waɗanda aka sa ma tagar Brewster, wato faifai irin wannan, a ciki tun daga kamfani, su ne masu layi ɗaya. Idan taka a cakuɗe take sai ka fara sa jerin faifai kafaffe a gaba ya tace ta, ka haƙura da rabin ƙarfin, sannan mai juyawa ya biyo baya.

Mataki na biyar: kafa kusurwar da jera faifan

Fara da faifan yana fuskantar hasken kai tsaye, ka duba inda mai dawowar ya faɗi, ka daidaita har ya zo dab da bakin lezar, amma ɗan kauce kaɗan kar ya koma ciki don yana dagula injin. Wannan shine sifilinka. Daga nan juya zuwa 55.4 ko 67.4 ko dai wadda ka lissafa, hasken yana p, sai ka dinga motsawa kaɗan kaɗan kana kallon mita har mai dawowar ya kai ƙarshen raguwarsa, ka ɗaure. Ba sai ka takura ma kanka ba, kuskuren digiri ɗaya a zink selenaid asararsa bata kai kashi 0.05 a kowace fuska ba, amma in ya kai digiri uku tana kai 0.3 zuwa 0.4, faifai huɗu fuska takwas kenan, ka ga wajen kashi 3 ya tafi a banza.

Wani abu kuma, haske in ya ratsa faifai a karkace fitowa yake a gefen inda ya shiga. A silika gocewar kusan 0.43 ne na kaurin faifan, a zink selenaid 0.76, wato mai milimita 3 zai goce maka da milimita 2.3. In duk faifan gefe ɗaya suka karkata, gocewar taruwa take, kuma kana mirginawa ɗigon yana zana da'ira a kan aikinka. Don haka bibbiyu ake jera su, ɗaya ya karkata nan ɗaya ya karkata can kamar harafin V, na biyu ya dawo da abinda na farko ya gusar, amma fa sai kaurinsu ɗaya. Gwajinsa mai sauƙi ne, sa kati nesa kamar mita biyu ka mirgina maragin zagaye guda, in ɗigon bai motsa ba ka gama.

Wajen ɗaurewa kar ka matse da ƙarfi. Gilashi in an danne shi yana murɗa kaɗawar hasken da yake ratsa shi, p ɗinka mai tsafta ya gurɓata da s. Ya dai riƙe kar ya girgiza.

Mataki na shida: juyawa da auna abinda yake fita

Yanzu in ka mirgina bututun gaba ɗaya da wata kusurwa daga alamar p, abinda zai wuce yana bin ƙa'idar Malus, cos na kusurwar a ninka da kansa. Digiri 30 kashi 75, digiri 45 rabi, digiri 60 kashi 25, digiri 90 kuma sai ɗan yoyon da muka lissafa ɗazu. Ka lura tafiyar ba a miƙe take ba, kusa da 0 ka juya digiri goma kashi 3 kawai ka rage, a wajen 45 kuwa digiri ɗaya yana ɗauke kusan kashi 1.7.

Toh ga inda ake mantawa. Hasken da ya fita yanzu yana kaɗawa ne a kan layin p na faifan da ka juya, ba layin da ya shigo dashi ba. In zafi kawai kake so ba damuwa. Amma in akwai wani abu a gaba da ya damu da kaɗawa, akwai damuwa babba. Misali injin yanka ƙarfe na CO2 ana sa musu madubi na musamman da yake maida kaɗawar layi zuwa mai kewaya don yankan ya zama iri ɗaya ko ta ina aka nufa, kuma wannan madubin sai kaɗawar ta zo masa a digiri 45 yake aiki daidai. Maragin dole ya zo kafin madubin, sannan a bayansa ka ƙara jeri na biyu kafaffe wanda baya juyawa, ya dawo da kaɗawar layinta na asali. Kuɗin da zaka biya shine ragin ya zama sau biyu, digiri 30 yanzu kashi 56 ne, 45 kashi 25, 60 kuma kashi 6 da ɗan ɗoriya, kuma shima jeri na biyun yana buƙatar nasa wurin zubar da haske.

Masu 1064 da hasken da ake gani su wata hanya suka fi bi, tunda gilashi zalla sai an tara da yawa. Suna sa faifan rabin zango a gaba, wanda in ka juya shi digiri ɗaya yake juya kaɗawar digiri biyu, sai faifai guda kafaffe mai shafe na musamman a wajen digiri 56 wanda yake wuce p ya mayar da kusan duka s. A nan daga cikakken ƙarfi zuwa ƙasa digiri 45 ne kacal, rabi yana 22.5, hasken da aka kora wuri ɗaya yake zuwa kullum, kaɗawar fita ma bata canzawa. In kuɗinka ya kai kuma akwai faifan na tsawon zangonka, inaga wannan tafi sauƙin zama da ita.

Ko wacce ka bi, kar ka dogara da lissafi. Bari lezar ta ɗumama tukuna, ka auna ƙarfi babu maragi, sannan da maragi kowane digiri 5 ko 10 daga 0 zuwa 90, mitar zafi tana ɗaukar 'yan daƙiƙu kafin ta tsaya don haka ka jira ta. Rubuta jadawalin ka manna a jikin akwatin. In a 0 kana samun ƙasa da kashi 95, ko kusurwa ta goce ko faifan yayi datti ko gefen hasken yana taɓa mariƙi. In a 90 yoyon yafi yadda ka zata, ko ɗan rakiyar nan ne, ko ka matse faifan, ko kuma ita lezar kanta kaɗawarta bata da tsafta.

Ɗalibin da bashi da waɗannan kayan zai iya gwada komai da gilasan da ake ɗora samfur a madubin likita da ƙaramar jar leza ta nuni, don irinsu yawanci layi ɗaya suke kaɗawa, kusurwar wajen digiri 56 zuwa 57, kuma zai ga ɗigon da ya dawo yana dusashewa a bango da idonsa.

Saura tsafta. Ƙura ɗaya a fuskar faifai a babban ƙarfi ƙonewa take ta bar tabo, tabon ya ƙara shan zafi har faifan ya tsage, lokacin hunturu kuwa ba sai an faɗa maka ba, ka rufe bakin bututun duk sanda baka aiki. Hure ƙurar da robar hura iska tukuna, ba da baki ba, sannan ka ɗora takardar goge lens a kai, ka ɗiga metanol ko asiton mai tsafta, ka ja ta a hankali sau ɗaya ka yar. Zink selenaid yana da laushi, saurin karcewa gare shi, kuma guba ne, safar hannu dole, kar asid ya taɓa shi, in ya fashe ko ya ƙone ka kashe injin ka buɗe tagogi ka bar ɗakin ya sha iska, gutsattsarin kuma ka kwashe da jiƙaƙƙen tsumma ka ƙulle a leda biyu, kar ka share da tsintsiya.